Ramin da Djibo Ya Haƙa a Dusar Ƙanƙara

Greensboro, Litinin 12 ga Janairu, 2004
Ƙarfe shida da minti arba'in na safe, a teburin kicin, kafin bas ɗin High Point Road

Djibo,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Mama tana gaishe ka. Hawan jininta ya sauka, ranar Juma'a aka auna, 138 bisa 86, likita ya ce ta ci gaba da maganin. Ta ce in tambaye ka ko ka manta kana da gwaggo a unguwar Glenwood, tunda wata biyu ke nan ba ta ji muryarka ba. Na gaya mata a duwatsun Colorado inda kake babu tarho, sai rediyon maigidanka, wasiƙa kuma ranar Talata kaɗai ake ɗaukowa daga gari. Ta ce wace irin Amurka ce wannan.

Hular ulun da ka aiko min ta murnar gama makaranta ta iso. Ta yi min yawa, kuma ka san da haka ka saya. Aiki bai samu ba tukuna. Ina zama a kantin Anti Hindou, ina jera garin rogo da busasshen kifi da digirina na ilimin ƙasa da ruwa.

Ga abin da ya sa na rubuto. A laburaren cikin gari na samu lambar masu hasashen zaftarewar dusar ƙanƙara na jiharku. Kullum da safe suna ajiye saƙo a waya, kowa ya kira ya saurara. Tun ranar Alhamis nake kira. Sun ce daga 8 zuwa 10 ga wata santimita saba'in ta zuba a yankinku, iska kuma daga yamma take, mai ƙarfi. Matakan haɗari biyar suke da su, jiya kuna na huɗu.

Ni dai ban taɓa ganin dusar da ta wuce idon sawu ba. Darasi ɗaya na yi a kanta, shi ma a littafi. Amma na riƙe wannan: ba dunƙule ɗaya ba ce, hawa-hawa take kwanciya, kowane hadari da shimfiɗarsa. In mai tauri ta hau kan mai rauni a gangare, nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa ta saman ta tsinke ta tafi da shi.

A wasiƙarka ta Disamba ka ce bukkoki biyu kuke kula da su kai da maigidanka, tsohon nan Malachy, ta ƙasa inda kuke zaune da ta sama, kuma hanyar ta sama tana ratsa wani kwazazzabo. Ina so ka yi min abu ɗaya. Ka nemi wuri marar gangara sosai, wanda ke fuskantar inda kwazazzabon ke fuskanta, ka haƙa rami har ƙasa. Kai ɗan Kawu Mamane ne mai haƙa rijiya, ba ni zan koya wa gafiya rami ba. Ka daidaita bangon, ka auna kowace shimfiɗa, ka gwada taurinta da dunƙulen hannu, da yatsu huɗu, da yatsa ɗaya, da fensir. Sannan ka yanke ginshiƙi santimita talatin kowane gefe, ka ɗora shebur a kansa, ka bubbuga: goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. Ka rubuto min a bugu na nawa ya karye, da inda ya karye. Ka kuma tambayi Malachy gangaren kwazazzabon digiri nawa ne.

Lambobi nake so, ba labari ba.

Taubashiyarka,
Chamsiya

*

Bukkar ƙasa, Alhamis 22 ga Janairu

Malama mai diplom,

Gaisuwa mai yawa. Lafiyata lau, sai leɓe da ya tsage, da yatsun ƙafa da ba na sanin ina da su sai na zauna gaban murhu. Ki durƙusa ki gaishe min da Gwaggo Fourera, ki ce ban manta ba, Amurkar ce ta maido ni daji. Hula kuwa daidai kanki na saya, na haɗa da kumburin diplom.

Takardarki ta zo ranar Talata. Da na karanta sai na ce ga 'yar Gwaggo ta sake aikena. Kin tuna wadda kika rubuta kina aji huɗu a lakwal, makarantar boko, wai Gwaggo ta ce in kawo zabi biyu garin Matameye kafin azahar? Kilomita goma sha biyu na taka da zabi a hammata, na iso Gwaggo ta ce ita ba ta aiki kowa ba, ke kina bayan rumbu kina dariya. To wannan karon ma na je aiken, amma ba don ke ba, hannuna ne ya yi kewar rami.

Ga lambobinki. Daga sama har ƙasa santimita 142. Talatin na farko laushi kamar auduga, dunƙule ya shige. Ƙarƙashinsu tamanin masu tauri, iska ce ta daddale su kamar daɓe, a sama yatsa ɗaya da ƙyar, can ƙasa sai fensir. Sai wani ɓawo kamar gilashi, santimita biyu. Talatin na ƙarshe kuwa wani abu ne kamar sukarin mudu. Ba ya dunƙuluwa ko kin matse shi, zubewa yake ta tsakanin yatsu. Na yi bugun da kika ce. A na shida, tun ina wuyan hannu, ginshiƙin ya zame daga kan sukarin nan gaba ɗayansa, sumul, kamar an jawo aljihun tebur. Da Baba ne, Allah Ya jiƙansa, ya tarar da irin wannan rairayi a rijiya, da cewa zai yi a fito a sha fura.

Ga ƙarin labari ko da ba ki so. Ina dawowa ta fili, wuri shimfiɗe, sai ƙasa ta nutsa da ni kamar faɗin yatsa, da wata ƙara kamar an yar da buhun gero. Wata tsaga ta ruga gabana kamar taku ashirin. Na gaya wa Malachy, ya ce dutsen ne ke gyatsa.

Kwazazzabon digiri 37 ne, yana kallon arewa maso gabas, faɗinsa kamar taku ɗari biyu. Babu wata hanyar sai ita. Bukkar saman Malachy ne ya gina ta da hannunsa, shi da matarsa da ta rasu shekara huɗu da suka wuce. In ba a share rufin ba nauyi zai karya shi. Da tuni mun hau, amma ya zame a ƙofar gida ranar 13 ya murɗe gwiwa, likita ya ba shi mako biyar. Ya ce kafin nan dusar ta zauna. Ni ma haka na gani. Ko kori, rafin nan na damina, in ya kawo ruwa, ai kwana ake ba shi a tsallaka.

Mai motar share hanya nake ba wasiƙuna ya jefa min a gari. Ki ci gaba da jera kifi, Malama, kar ki bar ilimi ya kwanta.

Wanda ya fi ki sanin rami,
Djibo

*

Greensboro, Talata 27 ga Janairu
Ƙarfe ɗaya da kwata na rana, a bayan kantin Anti Hindou

Yaya Djibrilla,

Ina gaishe ka. Muna lafiya. Mama tana shirin Sallah, ita da Anti Hindou sun haɗu da wasu gidaje za a yanka rago a wata gona a bayan gari ranar Lahadi. Ban karanta mata wasiƙarka duka ba, na tsaya a zabi. Ta yi dariya har da tari.

Ka karanta abin da ke biye a zaune. Ba wasa nake ba.

Jiya wasiƙarka ta zo, yau da safe na kai lambobinka laburare na gwada su da littattafai biyu. Duk abin da ake tsoro, ka rubuto min shi da hannunka. Ginshiƙin da ya karye kafin bugu goma, ana lissafa shi cikin mafi rauni, naka a shida ya karye. Zamewa sumul ta fi muni a kan karyewa gutsi-gutsi. Ƙarar da ka ji ba gyatsa ba ce, sukarin ne ya rufta a ƙarƙashinka. Da a gangare kake, da abin da ke samansa ya tafi da kai. Yawancin zaftarewa tsakanin digiri talatin da arba'in da biyar take faruwa, naku 37. Iskar yamma tana kwashe dusa daga wancan gefen dutse ta jibge a gefen gabas, wato a kwazazzabonku. Ramin da ka haƙa a wuri mai sauƙi ne, can abin zai fi haka kauri.

Maganar kori ita ta fi tayar min da hankali. Ruwan kori wucewa yake yi. Wannan sukarin ba ya zuwa ko'ina. Sanyi ne ya yi shi tun farkon hunturu, sanyi kuma ke riƙe da shi. Yana iya kai wata biyu ko uku a haka, sabuwar dusa na ƙara masa nauyi. Saman zai yi tauri har ka yi tsalle a kai ka ce ya zauna, ƙasan yana nan yadda ka bar shi. Mako biyar na gwiwar Malachy ba su da alaƙa da shi.

A cikin mutum goma da zaftarewa ta binne, kusan tara su ne suka tayar da ita da ƙafarsu, ko abokin tafiyarsu. Wanda aka tono cikin minti goma sha biyar, galibi yana rayuwa. Bayan minti talatin da biyar, kusan ɗaya cikin uku ne. Daga gari zuwa wurinku awa nawa ne? Kai ka sani.

Kai ma ka gane, shi ya sa ka kawo zancen Kawu da fura. Ka gaya wa Malachy a fili ba za ka ratsa ba. Rufi in ya karye ana sake shi da bazara.

In kuma har ya zama dole, abin da ba na fata: kowa ya rataya na'urar nemo wanda aka binne a ƙirjinsa, a cikin riga, a kunne. Kowa da shebur da doguwar sanda. Ɗaya bayan ɗaya za ku ratsa, ɗayan yana tsaye a wuri amintacce yana kallo. Kar ku je cikin kwana biyu bayan sabon hadari ko iska mai ƙarfi.

Ka amsa min da wuri. Barka da Sallah tun yanzu.

Chamsiya

*

Bukkar ƙasa, Laraba 4 ga Fabrairu

Hajiya bokanya,

Barkanmu da Sallah. Ni da shinkafa da kifin gwangwani na yi tawa, Malachy ya gasa min kaza ya ce ragon ke nan. Lafiyata lau. Gwiwarsa tana sauƙi, jiya ya zaga gida ba sanda. Ki gaida Gwaggo, ki ce ta ajiye min soyayyen nama.

Da na ga "Yaya Djibrilla" sai da na juya ambulan in ga ko ta wani ce. Shekara ashirin da huɗu ba ki taɓa ce min Yaya ba, sai da kika so ki tsorata ni. Kin iya, na ba ki. Tara cikin goma, ɗaya cikin uku, har na ji sanyi a baya. Tun kina ƙarama kike cewa a rami zan ƙare, yanzu kin samo littafi ya tsaya miki. Amma a ƙarshe ke da kanki kin rubuto yadda ake ratsawa, ɗaya bayan ɗaya, wato kin san za mu ratsa. Na'urorin suna nan guda biyu, na sa musu sabon batir.

Zancen in gaya masa a fili, ke ma kin san ba ya yiwuwa. Mutumin nan shekararsa sittin da takwas, talatin da ɗaya a kan dutsen nan. Ya ɗauke ni lokacin da masana'antar kujeru ta sallame mu, ban san ko yadda ake ɗaura takalmin zamiya ba. Tebur ɗaya muke ci. Ya daina soya naman alade a kaskonsa saboda ni, ban roƙe shi ba. In lokacin salla ya yi, kashe rediyo yake. Ni da na zo bara, da wane baki zan ce masa bai san dutsensa ba?

Abin da Baba ke yi shi na yi. Bai taɓa ce wa mai rijiya rijiyarka za ta rufta ba. Fitowa yake da rairayin a hannu ya zuba masa a tafi. Yau da hantsi na sake buɗe ramin, na ce wa Malachy ya zo ya ga aikin da ƙanwata ta sa ni. Ya zo yana ɗingishi. Na ɗebo sukarin daga ƙasa na zuba masa. Ya murza, ya bar shi ya zube. Na yi bugun a gabansa, a na bakwai ya zame. Ya daɗe yana kallon sama wajen kwazazzabon. Sannan ya ce, "Kowace shekara haka take." Ya ƙara da cewa matarsa ce ta zaɓi katakon rufin nan, ɗaya bayan ɗaya.

A garinmu mai rijiya in an zuba masa rairayi ya san abin da aka ce masa. Ban sani ba ko nan ma haka ne.

Ya sa ranar Alhamis 19 ga wata, in gari ya waye garau. Ba zan bar tsoho ya hau shi kaɗai da gwiwa ɗaya ba. In mun dawo zan aiko miki da sukari mudu guda ki sha shayi.

Gafiyarki,
Djibo

*

Greensboro, Talata 10 ga Fabrairu
Ƙarfe uku da minti ashirin na yamma. Ƙarfe huɗu ake kwashe akwatin wasiƙu na bakin titinmu, don haka a gaggauce nake.

Djibrilla,

Lafiyarmu lau. Wasiƙarka jiya ta zo.

Na gane duk abin da ya fito daga bakina wasa ne a wurinka. Ba laifinka ba ne, haka aka haife mu, ɗan wa da 'yar ƙanwa. Jiya na nemi wata hanyar. Na samo lambar kantin garinku, inda gidan waya yake, na roƙi matar ta gaya wa Malachy ta rediyo cewa masu hasashe har yanzu a mataki na uku suka sa gefen arewa maso gabas. Yau ta ce ta faɗa. Ya ce a gode wa yarinyar, shekara talatin da ɗaya yana ratsa wurin. In na kunyata ka a gabansa, ka yafe min.

Saboda haka yau da rana na yi abin da na yi mako biyu ina gudu. Na zaunar da Mama, na tabbata ta sha maganinta, na karanta mata wasiƙunka biyu daga farko har ƙarshe. Ban gaya mata tara cikin goma ba. Da na zo wurin rairayi da fura, ta ɗaga hannu ta ce ya isa, ta gane. Ta ce in ɗauko biro. Abin da ke ƙasa maganarta ce, ban ƙara ba ban rage ba:

"Djibrilla, ni ce gwaggonka Fourera. Ubanka sau ɗaya ya ji kunyar mai rijiya ya koma rami bayan ya ga rairayi, kafin a haife ka. Awa uku ana tono shi. Tun daga ranar bai ƙara ba, kuma bai ba kowa labarin ba sai ni. Ban yarda ka taka wurin nan ba. In tsohon ya tambaye ka, ka ce uwarka ce ta hana, ba kai ka ƙi ba. Kunyar ta dawo kaina. Ka riƙe shi shi ma, ko da ɓoye masa takalmi ne. Allah Ya yi maka albarka."

Ka ga ta ba ka mafita. Ba sai ka ce masa bai san dutsensa ba.

Wannan za ta iso kafin Talata 17, na lissafa. Sakin layin nan na "in ya zama dole" kuma ka soke shi, kuskure na yi da na rubuta.

Chamsiya

*

Greensboro, Asabar 21 ga Fabrairu
Ƙarfe goma da rabi na safe, takwas da rabi a wurinku. Ina teburin kicin, waya tana gefena. Mama tana ɗaki da carbi.

Djibo,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka lafiya. Ba za a ɗauko ta ba sai an buɗe hanya, na sani, amma ba ni da wani abin yi da hannuna. Mama jininta ya hau, 162 bisa 95 jiya. Anti Hindou ta ce in zauna gida.

Zan fara da kuskurena. Ranar Laraba 11, washegarin da na jefa wasiƙar, muna gyaran wake sai Mama ta ce, "To, ta yaya zai san ni ce?" Ban gane ba da farko. Sai ta ce, zabi. Na ajiye tiren. Rubutun hannuna ne, biro ɗina, ambulan ɗina, kuma an fara da "ni ce gwaggonka", kamar waccan takardar ta zabi. Ni da na auna komai ban auna wannan ba.

A ranar muka ari rikoda, Mama ta sake faɗin maganar a kaset da muryarta, don ka saurara a kamiyon Malachy, motarsa ta kaya. Alhamis 12 da safe na kai babban gidan waya na cikin gari da kaina. Ban tuna Litinin 16 hutu ba ne a nan ƙasar, ba a raba wasiƙa. Hadari kuma ya tare motoci a hanya. Ranar Laraba 18 kaset ɗin ya isa. Yana kan kantar matar nan har yanzu.

Ga abin da na sani, da inda na ji shi.

Daga masu hasashe: daga Asabar 14 zuwa Litinin 16 santimita hamsin da biyar ta ƙaru. Ranar Laraba iskar yamma ta wuni tana kaɗawa. Alhamis gari ya waye garau, babu gajimare, suka sa mataki na huɗu. Jiya sun ce an ga manyan zaftarewa da yawa a yankin, galibi a gefen arewa maso gabas, wasu sun kwashe har ƙasa. Ba su ambaci sunan kwazazzabo ko na mutum ba.

Daga matar kanti: ranar Talata Malachy ya sauko shi kaɗai, ya karɓi wasiƙata. Na roƙe ta tun kafin nan ta gaya masa cewa da gaske daga gwaggonka take. Ta ce ta faɗa yana loda tukwanen gas, ya gyaɗa kai. Ko ya isar, maganar dai daga bakina ta fito. Kullum ƙarfe biyar na yamma yakan kira ta a rediyo. Ranar Laraba ya kira ya ce komai lafiya. Alhamis bai kira ba, jiya ma haka. Ta ce batirinku da hasken rana yake caji, in dusa ta rufe faifan da ke karɓar hasken yakan mutu, bara sai da ya kwana huɗu shiru. Na tambaye ta sau biyu ko don ta kwantar min da hankali ta faɗa, ta ce a'a.

Daga mai motar share hanya, ta bakin matar kanti: Alhamis wajen ƙarfe goma, daga kwanar da ake hango dutsen, ya ga sawu layi ɗaya ya tashi daga bukkar ƙasa ya nufi sama. Bai ga mutum ba. Da azahar zaftarewa ta rufe hanyar mota a ƙasa da ku, bai ƙara komawa ba. Na kira masu ceto. Sun yi min magana da mutunci, sun ce ba za su tura mutane ta ƙarƙashin gangaren ba sai haɗarin ya sauka, jirgi mai saukar ungulu kuma sai iskar sama ta lafa, wataƙila gobe. Da ni ce su, abin da zan ce ke nan.

Mama ta riƙe maganar layi ɗaya, ta ce ka ji maganarta ka zauna. Ban gaya mata cewa masu hawa a dusa mai zurfi a sawun juna suke bi ba, mutum biyu layi ɗaya suke bari. Ban kuma gaya mata cewa in tsohon ne ya tafi shi kaɗai, babu wanda ke tsaye yana kallonsa, kuma na san ɗan Kawu Mamane zai bi bayansa da shebur.

Abin da ban sani ba:

Ko sawun ya kai kwazazzabon, ko ya tsaya a ramin da ka haƙa.

Ko akwai sawun dawowa.

Ko na mutum ɗaya ne ko biyu, in ɗaya ne kuma, na wa.

Ko batir ne.

Abin da Malachy ya gani da ya daɗe yana kallon sama da sukari a hannunsa.

Ko kun kunna na'urorin, ko suna rataye a ƙusa.

Ko ka taɓa jin labarin Kawu da awa ukun nan a wani wuri, har ka gane ba zan iya ƙirƙiro shi ba.

Da ka buɗe ambulan ɗin ranar Talata ka ga rubutuna, ko muryar Gwaggo ka ji, ko dariya ka yi.

Chamsiya